Kashi 53 da suka yi shiru: ƙuri'ar jin ra'ayi ta Fabrairun 2023 da abin da Kaduna ta zaɓa

Saura kamar kwana goma a yi zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a karo na uku, wadda kamfanin NOIPolls ya gudanar mata ta wayar tarho. Peter Obi kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu 13, Atiku Abubakar 10, Rabi'u Musa Kwankwaso 3. Kafin magariba alƙaluman sun zagaye wayoyin Kaduna. A Sabon Tasha da Narayi an karɓe su da murna, ana tura wa 'yan uwa da abokan arziki. A majalisarmu ta Tudun Wada kuwa, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Su wa suka tambaya? Ni dai ba wanda ya tambaye ni."

Zaɓe ya zo ya wuce. Hukumar INEC ta ba Tinubu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. A jihar Kaduna Atiku ne ya zo na ɗaya da 554,360, sai Tinubu da 399,293, Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. Wanda binciken ya sa a gaba shi ya zo na uku, a ƙasa baki ɗaya da kuma nan gida. Sai mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka ce binciken ƙarya ne tun asali, sayen sa aka yi. Wasu suka ce binciken ne gaskiya, sakamakon aka murɗe. Maganar maguɗi ta je har Kotun Ƙoli a Oktoban shekarar, kuma ba ita zan bi a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne a ɓangarorin biyu ba wanda ya zauna ya haɗa lissafin da ke gabansa. In ka tara 21 da 13 da 10 da 3, sun tashi 47. Sauran 53 fa? Kashi 23 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Su kansu masu binciken sun faɗa a sanarwarsu cewa ratar da Obi ya bayar ba ta kai a ce ya tsere wa abokan takararsa ba, saboda yawan waɗannan mutane. Wannan gargaɗin ne bai biyo alƙaluman zuwa WhatsApp ba.

Bari in fara da ƙorafin 'yan majalisarmu, don shi ne ya fi sauƙin amsawa. Wanda ya taɓa sayen masara a kasuwar Saminaka ya san ba a zazzage buhu a ƙirga ƙwaya kafin a biya kuɗi. Ɗan ƙarfen nan mai tsini ake soka wa buhun, a sama da tsakiya da gindi, a duba abin da ya fito a tafin hannu. Ɗan wannan ya isa a san ko masarar ta bushe, ko akwai ƙwari, ko an haɗa ta da tsakuwa. Sharaɗin kawai shi ne kada ka tsaya a bakin buhu inda mai kaya ya zuba ta ƙwarai. Haka ƙuri'ar jin ra'ayi take. Idan kowane mai zaɓe yana da damar da ta yi daidai da ta kowa ta faɗawa cikin waɗanda za a tambaya, mutum 1,000 sun isa a yi hasashen ra'ayin miliyoyi, da kuskuren da galibi ba ya wuce maki 3 sama ko ƙasa. Mutum 400 kuskuren ya kusa maki 5, mutum 100 ya kusa 10. Girman ƙasa bai cika shiga wannan lissafi ba, yawan waɗanda aka tambaya ne ke shiga. Masu rajistar zaɓe a Najeriya a 2023 sun kai 93,469,008. Ko mutum 2,000 aka tambaya, damar a faɗo kanka ɗaya ce cikin fiye da 46,000. Rashin kiran ka ba shaida ce a kan binciken ba.

Amma wannan lissafin yana da kaifi biyu, kuma ya kamata 'yan Sabon Tasha su ma su ji nasu. Kaduna tana da masu rajista 4,335,208, ita ce ta uku bayan Legas da Kano, wato ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na ƙasar. A binciken ƙasa mai mutum 2,000, rabonta bai kai ɗari ba, kamar 93 ne. In an raba su ga ƙananan hukumomi 23, kowace ta tashi da huɗu. Cire rabin da suka yi shiru. Binciken da aka tsara don auna Najeriya ba shi da bakin faɗin abin da Soba ko Kaura za ta yi.

Sai babbar tambayar, wadda ita ce gindin buhun: wa wayar take iya kaiwa gare shi? Mai binciken tarho yana ɗauko lambobi ne, ko daga rumbun da ya tara ko waɗanda kwamfuta ta zaɓa ta hanyar canki-canka, ya raba su gwargwadon yawan jama'ar kowace shiyya, sannan ma'aikata su zauna su yi ta kira da Turanci ko Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko buroka. Tsarin ba shi da laifi a takarda. A ƙasa ne ake samun tangarɗa. Akwai ƙauyuka a Birnin Gwari da Giwa da sai an hau tudu ake samun sabis. Akwai manomin da wayarsa ke kwana biyu a wurin mai caji. Akwai gidaje da yawa a Rigasa da waya ɗaya ce, tana aljihun mai gida, ga mata biyu da 'ya'ya baligai kowa da katin zaɓensa. Ɗan kasuwa mai layi uku kuwa damarsa ta ninka ta kowa sau uku. Ƙuri'ar kowannensu ɗaya ce ranar zaɓe, amma a kunnen mai bincike muryoyinsu ba ɗaya ba ne.

A watan Satumban 2022 an ga inda wannan matsala ke kaiwa in ta yi tsanani. Kamfanin Premise ya yi wa kafar labarai ta Bloomberg wani bincike ta manhajar babbar waya, ya samu kashi 72 na waɗanda suka yanke shawara suna tare da Obi. Ban yi tsammanin sun ƙirƙiro amsoshin ba. Sun auna ra'ayin masu babbar waya da data da suka sauke manhajarsu, shi suka samu. Tsohon ciwo ne wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, ta ɗauko adireshi daga littattafan tarho da rajistar motoci da makamantansu, fiye da miliyan 2 suka dawo mata, ta ce Alf Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Abokin takararsa Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Wani mai bincike, George Gallup, da mutanen da ba su kai kashi uku cikin ɗari na nata ba, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai.

Yanzu ga shirun, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan lamari. A binciken ANAP na Satumban 2022, waɗanda suka ƙi amsawa kashi 15 ne. A na Disamba suka koma 23. A na Fabrairu 30. Zaɓe na matsowa, baki na ƙara rufuwa. Kuma waɗannan su ne suka ɗaga waya suka yarda a yi hira da su, ban da waɗanda suka katse tun a sallama.

Wanda ya zauna a Kaduna a watannin nan ba zai yi mamaki ba. Garin da aka kai wa jirgin ƙasansa hari a 28 ga Maris 2022, inda baƙuwar lamba kan iya zama ta ɗan damfara mai neman lambar banki ko ta masu neman kuɗin fansa, a nan ne wani da ba ka sani ba zai kira ka, ya tambayi shekarunka da sana'arka da inda kake zaune, sannan ya ce wa za ka zaɓa. Dattijo zai ce, "Allah dai ya zaɓa mana mafi alheri, ɗana." Uwar gida za ta ce, "Malam, sai mai gidan ya dawo." Ga kuma zafin da tikitin Musulmi da Musulmi ya jawo, ga azabar canjin kuɗi da ta sa mutane kwana a layin banki, har gwamnan jihar na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya shiga cikin gwamnonin da suka maka gwamnatin tarayya ta jam'iyyarsu a Kotun Ƙoli. A irin wannan yanayi, mai niyyar dangwala wa tsintsiya yana da dalilin yin shiru. Mai niyyar barin ta a unguwar da ake yi mata kallon ta gida shi ma yana da nasa. Wanda ya fi sakin baki shi ne wanda zaɓinsa ke ba shi alfahari, kuma a wancan lokaci matasan da ke bin Obi sun fi kowa ɗoki.

Ga yadda za a gane nauyin abin. Da a ce masu shirun sun rabu kamar yadda masu magana suka rabu, da Obi ya samu kusan kashi 45, Tinubu 28, Atiku 21, Kwankwaso 6. Abin da aka bayyana shi ne Tinubu kusan 37, Atiku 29, Obi 25, Kwankwaso 6. Duk wanda ya ɗauki kashi 21 ɗin nan a matsayin hasashen nasara, ya ɗauka ke nan cewa mai shiru da mai magana ra'ayinsu ɗaya, kuma ba abin da ke cikin binciken da ya ba shi izinin ɗaukar haka.

Masu wannan sana'a sun san samfurinsu ba ya fitowa daidai, shi ya sa suke yin abin da ake kira daidaita nauyi. Misali zai fi bayyana shi, kuma alƙaluman nan na koyarwa ne kawai. A ƙaddara ka kira har ka samu mutum 1,000, sai ka tarar 750 maza ne, mata 250. Rajistar INEC ta 2023 ta ce mata kashi 47.5 ne, maza 52.5. Sai ka ce amsar kowace mace a ƙirga ta a matsayin 1.9, ta kowane namiji 0.7, don ma'aunin ya koma daidai da rajista. Haka ake yi wa shekaru, da shiyya, da birni da ƙauye. Gyara ne mai amfani, amma yana da farashi. Na farko, mutum 1,000 ɗin nan ƙarfinsu ya ragu ya koma kamar na 790, kuskure ya ƙaru. Na biyu ya fi muni. Matan da suka ɗaga wayar su ne masu wayar kansu, malamar makaranta a Barnawa, ma'aikaciyar asibiti a Unguwar Rimi, ɗaliba a Samaru. Da ka ninka muryarsu, ka ba su aron bakin matar da ke Kubau wadda ba a taɓa kira ba. Nauyi yana cike giɓin adadi, amma ba ya kawo wanda bai shigo ba.

Kuma da me za a daidaita? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a 2004 yana goye lokacin ƙidayar, a 2023 ya isa zaɓe. Rigasa da Mararrabar Rido da Rigachikun na yau ba su ne na 2006 ba. Bugu da ƙari, ƙidayar ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, rajistar zaɓe ma haka, kuma rajistar ba ta nuna zurfin karatu. A Amurka a 2016, ɗaya daga cikin dalilan da binciken jihohi da yawa ya kasa hango nasarar Donald Trump shi ne rashin daidaita nauyi bisa ilimi, don masu digiri sun fi amsa waya. Su suna da alƙaluman, sakaci suka yi. Mu a nan abubuwan da suka fi tafiyar da ƙuri'a a Kaduna su ne waɗanda ba mu da ma'auninsu a hukumance.

Abin da ya rage wa mai bincike na gaskiya shi ne ƙasa, wato wurin zama. Ba daɗin faɗa, amma tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, yawancin Musulmi suka taru a arewacinsa, yawancin Kirista a kudancinsa. Sakamakon Fabrairu ya bi wannan layi sosai: Obi ya ɗauki Chikun da Kaura da Zangon Kataf, Atiku ya kwashe mafi yawan ƙananan hukumomin jihar. Don haka wanda ya samu "mutum 93 daga Kaduna" bai gama faɗin komai ba sai ya ce nawa daga Kawo, nawa daga Kakuri, nawa daga Kafanchan, nawa daga Makarfi.

Na taɓa yin aikin bin gida-gida da takardar tambayoyi a wani binciken da ba na siyasa ba, kuma a can na ga abin da ake nufi da zaɓen samfuri na ƙa'ida. Ana raba jihar ne zuwa shiyyoyin sanata uku, kowace a ware birni da karkara. A cikin mazaɓu 255 a zaɓi wasu ta canki-canka, mai yawan jama'a ta fi samun damar fitowa. A kowace a tsayar da mafari, masallaci ko coci ko makarantar firamare, bayan an je an gaida mai unguwa an nuna masa takarda. Daga nan ma'aikaci ya miƙe yana ƙirga gidaje, ya shiga na biyar ko na goma kamar yadda aka ba shi umarni. In ya yi sallama, ba wanda ya fito zaure ne zai yi wa tambaya ba. Zai rubuta baligan gidan duka, ya zaɓi ɗaya da jadawalin canki-canka da masanin ƙididdiga Leslie Kish ya ƙirƙiro a 1949 ko makamancinsa. In wanda ya faɗo a kansa ya tafi gona ko kasuwa, sai a dawo da yamma. A gidan da aka rubuta "Ba a shiga", mace ce za ta shiga ta zauna da matan, kuma in mai gida ya tsaya a kansu, amsarsa za ka ji daga bakinsu. Afrobarometer, cibiyar da ke binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, kan bi tsari irin wannan, har da karɓa-karɓa tsakanin namiji da mace daga gida zuwa gida.

Wahalarsa ce ke sa a guje masa. Kuɗin mota, kwanaki, masu jin Atyap da Bajju da Gbagyi, da wuraren da ba wanda zai tura ɗan wani saboda 'yan bindiga. In an maye gurbin ƙauyen da ba ya shiguwa da wanda ke bakin titi, an sake komawa bakin buhu, kuma wajibi ne a faɗa. Akwai kuma ma'aikacin da rana ta dafa, ya zauna gindin darbejiya ya cike takardu goma da kansa. Don irinsa ne ake ba su na'ura mai nuna inda suke da tsawon lokacin hira, shugabanni kuma su koma wasu gidajen su tabbatar an zo.

Ko an yi duk wannan, akwai sauran mataki guda: wa zai fito? Kusan kowa in ka tambaye shi zai ce insha Allahu zai yi zaɓe. A Fabrairun 2023 kashi 27 ne kacal na masu rajista suka fito a ƙasar, a Kaduna bai kai ɗaya cikin uku ba. Ba kuɗi a hannu, mai ya yi wuya, wanda ya yi rajista a ƙauyensu yana zaune a birni bai iya komawa ba. Kamfanin Stears ya kula da wannan, ya fitar da hasashe biyu kafin zaɓe: in jama'a sun fito da yawa Obi ne, in fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne. Fitowar ta yi ƙasa. Ga wani ƙaramin abu kuma da ake mantawa: a waya sunan ɗan takara ake tambaya, a takardar ƙuri'a kuwa ba suna, alamar jam'iyya ce, a 2023 tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari ko hoton uba da uwa da ɗa. Tsakanin suna da alama akwai wakilin jam'iyya na akwati, akwai wanda ya ɗauko mutane a mota, akwai abin da aka kwana ana faɗa a unguwa.

Makonni uku bayan haka Kaduna ta nuna wani abin da bincike ba ya iya riƙewa, wato lokaci. A Fabrairu PDP ta cinye kujerun sanata uku na jihar duka. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ma'auni zai ce gwamna ma an gama. Ranar 18 ga Maris, Uba Sani na APC ya samu 730,002, Isa Ashiru na PDP 719,196, Jonathan Asake na jam'iyyar Leba 58,283. Ƙuri'ar APC ta tashi daga ƙasa da dubu 400 zuwa sama da dubu 730, ta Leba ta faɗo daga kusan dubu 295 zuwa dubu 58. Masu rajistar su ne dai, rumfunan su ne dai. Wasu sun yi wake da shinkafa maimakon sak, wasu da suka zauna a gida a Fabrairu sun fito, wasu sun duba wanda zai iya kai labari suka koma bayansa. Tambayar ta canza, amsar ta bi ta.

Ratar da ta raba Uba Sani da Isa Ashiru ƙuri'a 10,806 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa ba. Binciken mutum 1,000 da aka yi bisa kowace ƙa'ida da na lissafa, da mata masu shiga gida, da masu jin kowane yare, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi amsawa ba, iyakar abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne kunnen doki ake yi. Kafin a iya hango rata irin wannan da tabbaci, sai an tambayi sama da mutum 70,000. In ka raba ƙuri'un nan 10,806 ga mazaɓu 255 na jihar, kowace ta tashi da 42.